Hakimi Da Ma'aikatansa Na Nesa

Daga birnin Kano zuwa Birnin Kudu wajen mil 80 ne, watau kimanin kilomita 130, in an bi hanyar Wudil. Gwaram ta fi haka nisa, tana can kudu maso gabas, dab da iyakar ƙasar Bauchi. A zamanin da doki ne abin hawan sarauta, matafiyi ba ya wuce mil 15 zuwa 20 a yini in yana so dokinsa da 'yan dakonsa su kai lafiya. Saboda haka takardar da aka rubuta a fadar Kano ran Asabar ba ta isa hannun Sarkin Kudu sai wajen Laraba, in ba manzon gaggawa aka tasa ba. Wanda ke riƙe da aiki a wannan ƙasa, ko hakimi ne, ko malaminsa, ko dagaci, kusan dukan aikinsa yana yinsa ne ba tare da wanda ya sa shi yana gani ba.

Yau an sami kwalta da mota da wayar hannu. Tun ran 27 ga Agusta 1991 da aka kafa Jihar Jigawa, Dutse ce babban birnin jiha, ƙasashen nan biyu kuma suna cikin Masarautar Dutse, saboda haka hanyar zuwa fada ta ragu ƙwarai. Amma wahalar ba ta gushe ba, sauka ta yi zuwa ƙasa. Mai unguwar da ke bayan Basirka ko Farin Dutse, da malamin asibitin da aka ajiye a wani ƙauye na yankin Sundimina, har yanzu mutane ne da ke nesa da idon shugabansu, balle da damina, sa'ad da koguna suka kawo suka yanke hanya.

Abin da a ke so hakimai da malamansu su lura da shi a nan shi ne, nisa shi kaɗai ba ya kashe himmar ma'aikaci. An sha ganin mutanen da suka shekara da shekaru a bakin daji suna aiki kamar ana kallonsu. Abin da ke kashe himma shiru ne. Mutum ya yi aiki ba wanda ya ce ya gani, ya rubuta takarda ba a amsa ba, ya kawo kuka a ce ya je a duba, a shekara ba a duba ba. Ran da ya sakankance an manta da shi, to, shi ma sai ya manta da aikin. Tarihin mulkin ƙasar Kano ya nuna wannan a fili.

Zamanin jakadu

Kafin Turawa su ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, yawancin masu sarautar da ke riƙe da ƙasa a cikin birni su ke zaune, kusa da fada, garuruwansu kuwa a warwatse, wani gabas wani yamma. Ko wane hakimi yana da jakadu, galibi barorinsa ko bayinsa, su ne ke kai umurni ga dagatai, su tattaro kuɗin ƙasa, su komo da labari. Akwai manyan sarakunan garuruwa, kamar na Rano da Gaya da Dutse da Ƙaraye, da Sarkin Kudu, waɗanda ke zaune cikin garuruwansu, amma su ma maganarsu ba ta isa gaban Sarki sai ta bi ta ƙofa, watau wani na fada da aka ɗora wa lamarinsu.

Wannan tsari ba a rasa alherinsa ba, domin jakadan da ya daɗe yana bin gari ɗaya ya kan san mutanensa gida gida. Aibinsa kuwa babba ne. Sunan dagaci a bakin jakada ya ke. In dagaci ya yi ƙoƙari ya gyara ganuwa, ya sasanta manoma da makiyaya, ya tara kuɗin ƙasa cif, amma gaisuwar da ya ba jakada ba ta gamshe shi ba, labarin da zai isa birni na lalaci ne. In kuwa rago ne mai sakin hannu, sai a ji shi a fada kamar babu kamarsa. Dagaci ba wawa ba ne. Da ya ga inda sakayya ta ke fitowa, sai ya bar wahalar aikin ƙasa ya koma ga kula da jakada. Da gaskiyar masu cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Sarakunan da suka san abin da su ke yi ba su dogara ga jakadu kaɗai ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wannan fuska ta kudu bakin dāga ce, Ningawa suna kawo hari suna kwasar mutane da dabbobi, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi kuwa, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fitowa da kansa zuwa wajen. Mutumin da ke tsaron iyaka in ya ga Sarki ya kwana inda shi ke kwana, ya sha ruwan rijiyar da shi ke sha, ba ya bukatar a aiko masa da wani jawabi.

Wajen 1907 zuwa 1908 Razdan na Kano, Dokta Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya harhaɗa garuruwan nan na warwatse ya yanka su gunduma gunduma, aka umurci ko wane hakimi ya bar birni ya koma ya zauna cikin ƙasarsa, aka kuma soke aikin jakadu. Abin ya jawo saɓani tsakaninsa da Sarki Abbas, hakimai da yawa kuma suka ɗauke shi kamar kora, gama wanda ya saba da zuwa gaisuwa fada kullum safiya, yanzu sai ya yi watanni bai ga Sarki ba. Ya kamata hakimin yau ya tuna da wannan. Sarautar da ya ke riƙe da ita an gina ta ne a kan mutumin da aka tura nesa ya zauna yana sauraron ko takarda za ta zo daga fada. Abin da hakimi ke ji in ya rubuta wa majalisar Sarki aka yi masa shiru, shi ne daidai abin da dagacinsa ke ji, shi ne kuma abin da mai unguwa ke ji game da dagaci.

Bayan gunduma sai baitulmali. An fara shi a Katsina a hannun Razdan Palmer, zuwa 1911 ya bazu cikin ƙasashen sarakunan Arewa, sannu a hankali kuma hakimai da malamansu da dagatai suka koma karɓar albashi maimakon kason abin da suka tara. Amfanin albashi ga na nesa shi ne an san ranarsa. Ƙaramin abu mai zuwa kan lokaci ya fi riƙe mutum bisa babba wanda ba a san ranar zuwansa ba, domin wanda ya yi wata uku yana cin bashi a kasuwar ƙauyen da ya ke aiki, ba shi da bakin tsawata wa kowa a ƙauyen. Yau biyan albashi ba a hannun hakimi ya ke ba, amma bin sawunsa yana hannunsa. In haƙƙin wani dagaci ko mai unguwa ya maƙale, hakimin da ya rubuta ya kuma je da kansa ya tambaya, ya sayi zuciyar mutumin nan da araha, ko da kuɗin bai fito nan da nan ba.

Rangadi

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shaihu Magili ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna, a ciki kuwa ya yi ta nanata gargaɗi game da shugaban da ke ɓoye kansa ga talakawansa. Maganin wannan ɓuya shi ne rangadi, shi ya sa a zamanin En'e aka wajabta shi a kan hakimai, Di'o kuma in ya zo ya kan tambayi inda hakimi ya zaga da ran da ya zaga. Zuwa da kai ya fi aike.

Sai dai rangadi iri biyu ne, akwai mai rayar da himma, akwai mai kashe ta. Hakimin da ya taso da jama'a rututu, da maroƙa da 'yan rakiya, ya sauka a kan dagacin da ba shi da ƙarfi, aka yanka kajin gari, aka ƙarar da hatsin rumbunsa, sa'an nan aka tashi aka bar shi da bashi, wannan bai ziyarci dagaci ba, ya ci shi tara ne. Irin wannan dagaci in ya ji hakimi na tafe sai gabansa ya fāɗi, ya kuma yi addu'ar kada a sake tunawa da shi. Rangadin kirki da mutum kaɗan a ke yinsa, hakimi da malaminsa da dogari ɗaya ko biyu, su kuma riƙo guzurinsu.

Sa'an nan sai a duba inda a ke zuwa. Mota ta kawo wata cuta da doki bai san ta ba. Mai doki tilas ya ratsa ƙauyuka ya kwana a zango, mai mota kuwa ya kan bi kwalta, ya tsaya a Babaldu ko Kangire ko Sara, ya gaisa da mutanen bakin hanya, kafin la'asar ya komo gida ya ce ya yi rangadi. Mutanen bakin kwalta su ne mafi ƙarancin bukatar a zo musu, gama su ko yaushe suna iya hawa mota su zo. Wanda ke bukata shi ne na bayan kogi, wanda sai an bar mota an hau babur, wani lokaci ma sai an tuɓe takalmi. Malamin hakimi ya kamata ya riƙe lissafin garuruwan gunduma duka, da ranar da aka je ko wanne ƙarshe, in za a shirya fita a fara da wanda ya fi daɗewa ba a je ba, ba wanda ya fi sauƙin zuwa ba. Fita ɗaya cikin Agusta zuwa inda ruwa ya tsare ta fi fita biyar da rani daraja a idon mutanen wurin.

In an isa, hakimi ya keɓe da dagaci tukuna kafin a tara jama'a. Ya fara da tambayar abin da ya dame shi da abin da ya rasa, kafin ya kai ga abin da ya kasa yi, domin sau da yawa amsar tambayar farko ita ce dalilin na biyun. In akwai faɗa a yi shi nan cikin zaure su biyu. In akwai yabo a ajiye shi sai gaban jama'a, a kuma faɗi abin da aka yaba da sunansa, a ce rijiyar nan da aka yashe, ko rigimar gonar nan da aka kashe ba ta kai kotu ba. Yabon da ba a ambaci aikin ba kirari ne kawai, kowa ya san ana yi wa kowa. Hakimin da ya kunyata dagaci a gaban talakawansa kuwa, ya tafi ya bar mutumin da ba zai ƙara iya sa kowa aiki ba, shi kuma hakimin ba ya nan balle ya sa su da kansa.

Ma'aikatan da ba na sarauta ba, kamar malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona, ba a ƙarƙashin hakimi su ke ba, suna da shugabanninsu a ƙaramar hukuma ko a Dutse. Duk da haka hakimin da ya shiga gari ya wuce ɗakin shan magani bai leƙa ba ya yi asara. Yawancinsu baƙi ne a garin, tsayuwar minti goma ta hakimi a ƙofar ajinsu kuwa ta kan sa mutanen gari su dube su da wani ido dabam.

Aikin malamin hakimi

Tsakanin rangadi da rangadi, abin da ke riƙe da zumunci takarda ce, takarda kuwa a hannun malami ta ke. Jakadu sun tafi fiye da shekara ɗari, amma malamin da ba ya tsoron Allah yana iya zama sabon jakada ba tare da an naɗa shi ba. Shi ke zaɓen takardar da za ta hau sama da wadda za ta kwanta ƙarƙashin tari, shi ke karanta wa hakimi wannan da murya mai daɗi, ya karanta waccan a gurguje. Wannan iko ne babba a hannun mutumin da ba a cika kallonsa ba.

Ƙa'idar da ta kamata a tsaya a kai mai sauƙi ce, ko wace takarda ta shigo a rubuta ta cikin littafi da ranar zuwanta, a kuma amsa ta cikin mako, ko da amsar ba ta ƙunshi biyan bukata ba. A ce wani dagaci ya rubuto yana kukan gadar da ruwa ya cinye. Gina gada ba aikin hakimi ba ne, ba shi da kuɗinsa. Amma malami yana iya rubuta masa cewa, bayan gaisuwa, takardarka ta ran kaza ta iso, hakimi ya gani, ya kuma aika da ita ga shugaban ƙaramar hukuma ran kaza, in an sami amsa za ka ji. Layi uku ne. Da su dagaci zai tsaya gaban mutanensa ya ce maganarku ta isa, ga shaida. In babu su, mutanensa za su ce ko dai bai rubuta ba, ko kuwa ba a jin maganarsa, dukan biyun kuwa sun isa su karya shi. In amsar a'a ce, a faɗa masa a'a da dalilinta. Mutum yana iya haƙura da a'a ya nemi wata dabara, amma ba ya iya yin kome da shiru sai jira.

Haka kuma rahoto. Ana neman dagatai da masu unguwanni su kawo labarin baƙon da ya sauka, da cutar da ta ɓulla, da haihuwa da mutuwa. In mutum ya yi ta kawowa bai taɓa jin abin da aka yi da labarin ba, daga baya sai ya fara rubuta abin da ya zo bakinsa. In kuwa aka ce masa rahoton da ka kawo na amai da gudawa shi ne ya sa aka turo ma'aikata da magani, zai kawo na gaba tun kafin a tambaye shi.

Cikin Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abin da ya yi kuka da shi kuwa har da rashin horon ma'aikata da rashin sanin iyakar aikin kowa. Binciken da ya biyo baya ya kai ga Dokar En'e ta 1954, aka ƙarfafa majalisun gunduma da 'yan kuɗin da za su kashe bisa shawarar kansu, aka kuma riƙa kiran hakimai da malamai zuwa kwas a makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo a Zariya. A shekarun nan ne kuma aka riƙa buga ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, ban da Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita tun Janairu 1939. Duka waɗannan sun yi wa na nesa aiki ɗaya, sun nuna masa yana cikin lissafi, sun kuma ba shi wani abu da zai yanke da kansa. Ma'aikacin da ba a yarda ya yanke kome ba sai ya aiko an ba shi izini, in ruwa ya yanke hanya aikinsa ya tsaya cik. Ya kamata hakimi ya bayyana wa ko wane dagaci abin da zai gama a wurinsa, da abin da tilas ya kawo, in kuma ya gama wanda aka ba shi kada a warware masa don wani ya zagayo ta baya.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, watau mai da gari mai nisa gidan horo. In aka saba tura wanda ya yi laifi can ƙurya, to, an gaya wa mutanen ƙuryar matsayinsu, an kuma gaya wa na kirkin da ke aiki can cewa shi da mai laifi ɗaya su ke. Wurin da ya fi nisa shi ya fi bukatar amintacce, in kuma hakimi zai ba da shawara a kan ƙarin girma ya sa shekarun da mutum ya yi a can cikin ma'auni. A kuma bar shi ya ga iyalinsa. An ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya iyakance watannin da mayaƙi zai yi nesa da gidansa, ya kan kuma tara gwamnoninsa a lokacin aikin Hajji ya ji daga bakinsu da bakin waɗanda su ke mulka.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a tsohuwar Jihar Kano a 1979, hakimi ba shi da sandar da ya ke da ita a dā. 'Yan doka da kotu da gidan yari sun bar hannun sarauta tun kafin nan. Abin da yawancin masu unguwanni ke samu kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda ba ya iya tilastawa, ba ya kuma iya biya, ba abin da ya rage masa na jan mutane sai girmamawa da kulawa. An ga ƙarfin wannan a yaƙi da cutar shan inna. Bayan da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya a 2009 ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga aikin rigakafi gida gida. A kwanakin rigakafi akan zauna taron yamma kullum, ko wace ƙungiya ta faɗi gidajen da ta shiga da waɗanda suka ƙi, a ba ta amsa nan take, gobe da safe mai unguwa ko dagaci ya raka ta gidan da aka ƙi. Cikin Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta mai da tafiyar kwana huɗu ta zama minti ɗaya, hakimai da yawa kuma suna da zauren WhatsApp da dagatansu. A 2020, sa'ad da annobar korona ta tilasta wa ma'aikatan ofis a Turai da Amurka yin aiki daga gida, shugabanninsu sun gano abin da masu sarautar nan suka daɗe da sani, cewa ana iya magana da mutum kullum ya kuma ji an yar da shi. In wayar hakimi ba ta shigowa sai da umurni ko faɗa, dagaci zai koyi cewa babu sabis a garinsu. Malami ya sa a cikin tsarin mako cewa hakimi zai kira dagaci biyu ko uku ba don wani aiki ba, ya tambayi lafiyar gari da ta iyali da yadda damina ta ke, a fara da na bayan kogi. Abin da aka yi alkawari a waya kuma malami ya shigar da shi cikin littafin nan na takardu, da ranarsa, don in an je rangadi na gaba a buɗe a karanta a gaban dagacin, a ga wanda aka cika da wanda ya saura.